Jirgin ceto na farko a dajin Burma

Salamu alaikum jama'a, yau ga ni a garin Dayton jihar Ohayo, gidan tarihin sojojin saman Amurka, shiga kyauta ne ba ko sisi. Ku yi haƙuri da hayaniya, 'yan makaranta ne suka cika wurin.

To ku duba wannan da ke gabana, Sikorsky R-4 kenan, jirgi mai saukar ungulu. Wallahi in aka ce maka jirgin yaƙi ne sai ka yi dariya, kamar Keke Napep aka ɗora wa fanka, bayansa ma bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da yadi, kujera biyu kacal, direba da mutum ɗaya shi ke nan. Igor Sikorsky ne ya ƙera shi, haifaffen Kiyef da ya dawo Amurka a 1919, shi kuma jirgin ya fara tashi a 1942.

Irin wannan jirgi mai saukar ungulu ne ya fara ceto mutane a fagen daga, watan Afrilu 1944 a Burma. Wani ƙaramin jirgi ne ya faɗo a yankin da ke hannun Japan, ciki akwai matuƙi Ba'amurke da sojojin Ingila uku masu rauni, daji ne babu wurin saukar jirgi mai fiffike, sai aka tura Laftanar Carter Harman tun daga Indiya, ya tsallako duwatsu yana yada zango yana shan mai, don tankin ba ya kai shi ko'ina. Da ya iso ga zafin Burma, injin kuma dama ba wani ƙarfi gare shi ba, sai ɗai-ɗai yake kwasarsu, ya fitar da biyu injin ya ɗau zafi ya ƙi tashi, dole ya kwana, washegari ya koma ya ɗauko sauran biyun. Ku tuna fa mutum huɗu ne suka kwana suka wuni a ɓoye da ciwo, kuma sai an zaɓi wanda zai fara tafiya, ni wanda aka bari a ƙarshe nake tausayi gaskiya.

Abin da ya sa na daɗe a tsaye nan kuwa, rundunarsu Harman aikinta tallafa wa dakarun Chindit ne, wato dakarun Ingila na musamman da ke kutsawa yankin da ke hannun Japan, kuma a cikin Chindit na 1944 akwai bataliya uku na sojan Najeriya. Kakanninmu 'yan Burma ɗin nan da ake ba mu labari, a wannan dajin suke a lokacin.

Shi Harman dama kiɗa ya karanta, bayan yaƙi ya koma rubuta sharhin waƙe-waƙe a mujallar Time. Ku zo mu ƙarasa ɓangaren yaƙin Koriya, can ne aka riƙa ɗaure gadon masu rauni a gefen jirgi ta waje.