Fodkas: Kazata ta yi ƙwai ba ɓawo

Hajiya: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Agege. Ina tare da Malam kamar kullum, ga kuma Auta ta taso mana daga Idi-Araba, tun daga ƙofa na ga hankalinta a tashe. Auta, lafiya?

Auta: Hajiya, kajin nan shida da na sayo ne. Sun cika sati 20, sun fara ƙwai, ina ta murna. Shekaranjiya da asuba na leƙa akurki, sai ga ƙwai a ƙarƙashin sandar da suke kwana, ba ɓawo sam, tantani kawai. Na ɗauka yana lotsawa a tafin hannuna kamar ruwa a leda, har gwaiduwar ake hangowa. Wani kuma da ɓawonsa, amma ina ɗora yatsa ya burme.

Malam: Kwantar da hankalinki tukuna. Sagarar da ta fara ƙwai jikinta bai gama daidaita ba. A satuttukan farko za ki ga ƙanana, ki ga mai gwaiduwa biyu, ki ga irin wannan. Ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Amma me kike ba su?

Auta: Sauran buhun gurowa ne, abincin nan na kaji masu tasowa, ban so ya lalace. Ina ƙara musu dusa da ragowar shinkafa.

Hajiya: To, ga bakin zaren nan.

Malam: Shi ne kuwa. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne haɗe da kabonet, kuma kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam. Ba duk abin da kaza ta ci ne jikinta ke ɗauka ba, don haka tana bukatar wajen giram 4 a rana. Gurowa kalsiyam ɗinsa kamar kashi 1 ne cikin 100, abincin leya kuwa, wato na kaji masu ƙwai, kashi 3.5 zuwa 4. Ke kuma kin sake tsinka shi da dusa da shinkafa. Da me za ta yi ginin?

Auta: Amma ai sauran suna yin mai ƙwari.

Malam: Daga ƙashinsu suke cira, Auta. Kaza tana ajiye kalsiyam a cikin ƙasusuwanta kafin ta fara ƙwai. Idan abinci ya gaza ta ci ajiyar, idan aka daɗe a haka ƙafa ta fara gaza ɗaukarta. Wannan ya fi damuna a kan ƙwan da ya fashe.

Hajiya: Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara kiwo shi ne da dare take wannan aiki. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya fito, wajen awa 20 a ciki duk na ɓawo ne, akasari kuma tana barci. Shi ya sa nake ajiye musu ɓawon kawa a wani kwano daban, da la'asar suke rububinsa. Kuma mai tsakuwa-tsakuwa nake saye, ba gari ba, don ya daɗe a ƙundu yana narkewa a hankali har cikin dare.

Malam: Masu sayar da abincin kaji suna da shi, da dutsen laimston da aka niƙa don kaji. Kada dai a ɗauko farar ƙasar shafe bango, wannan ƙona su za ta yi.

Auta: Ɓawon ƙwan da muka soya fa?

Hajiya: Yana yi. Ki gasa shi, ki daka sosai yadda ba za su gane shi ba. In suka saba da kamanninsa, su koyi fasa nasu, raba su da wannan hali aiki ne ja.

Malam: Sai zafin Legas. A Fabrairu da Maris, akurki mai rufin kwano, ga gumi, za ki ga kaza ta buɗe baki tana haki. Hakin nan yana fitar da iskar kabon da jikinta ke haɗa ɓawo da ita, ga shi cin abincin ma ya ragu. Ki ɗora buhu ko ganyen kwakwa a kan kwanon, ruwa mai sanyi kada ya yanke. Ina akurkin naki yake?

Auta: A ƙarƙashin bene.

Malam: To, ki riƙa sakinsu su sha hantsi. Hasken rana ne ke sa jikinsu ya samar da bitamin D, kuma sai da shi kalsiyam ke shiga jiki.

Auta: Maƙwabciyata ta ce in zuba musu kafso a ruwa.

Hajiya: A'a, kada ki soma. Kafso ba ya gina ɓawo. Amma idan kin ga suna atishawa, ko ɓawon ya yamutse, farin ƙwan ya tsinke kamar ruwa, ko ƙwan ya ragu gaba ɗaya dare ɗaya, to ana zargin cutar Niyukasil ko ciwon mashaƙon kaji, sai likitan dabbobi. An yi musu Lasota, rigakafin Niyukasil ɗin?

Auta: An yi, Hajiya.

Malam: Madalla. Gobe ki sayo leya, gurowan ki bar wa ƙananan kajin da ba su fara ƙwai ba. Su kuma kada su taɓa leya, yawan kalsiyam yana lalata musu ƙoda.

Hajiya: Nan da sati biyu ki kawo mana ƙwan nan ɗakin, mu ƙwanƙwasa shi a gaban makirfo masu saurare su ji.

Auta: Da yardar Allah. Na gode, Hajiya. Na gode, Malam.