Kafin ranar ganin likita ta zo

Assalamu alaikum iyaye, musamman ku mata da kuke wuni da yaran nan.

Yaro ya shekara uku. Kina bakin murhu kin kira sunansa sau uku, ko waiwayowa bai yi ba, amma da an taɓa ledar biskit a zaure sai ga shi da gudu. Yana zaune yana jera marafen kwalba, a gusar da ɗaya ya fashe da kuka har ya shiɗe. Gwaggo ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce miskilanci ne. Wani yaron kuma bakinsa ya buɗe sarai, sai dai ba ya iya zama. A makarantar allo ya sha bulala, a firamare an ce ba ya jin magana.

Na farkon yana iya zama galahanga, wato autism, larurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, na biyun kuma larurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga. Kuma bincike ya nuna allurar riga-kafi ba ta kawo ta.

To me ya sa tantancewar likita take ɗaukar lokaci? Ba a gano galahanga da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Sai likita ya zauna ya kalli yadda yaro yake wasa, ya tambayi tarihinsa tun daga goyon ciki, kuma sau da yawa zuwa ɗaya ba ya isa. A ADHD ma sai an ga alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma suna bayyana a gida da makaranta duka. Ga shi ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu kuma a birane suke. Daga asibitin sha-ka-tafi na garinku sai babban asibiti, daga nan a ba ku takarda zuwa irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Dawanau, ko Rasheed Shekoni a Dutse. Tsakanin kuɗin mota, aikin gona da ranar da aka ba ku, sai damina ta wuce ana jira.

Abin da yake ci mini rai shi ne a bar yaro haka nan duk tsawon watannin, ana cewa sai likita ya faɗa. Akwai aiki tun yau.

Ku fara da kunne. Ku nemi a gwada jinsa, domin kurumta bayan ƙyanda ko sanƙarau tana hana magana, kuma ana ruɗa ta da galahanga.

Sai ku tara wa likita shaida. Idan akwai babbar waya a gidan, ko ta yayansa ce, a ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko biyu: yana wasa, ana kiran sunansa, yana cikin rikici. Yara da yawa idan sun shiga asibiti sai su yi tsit, likita bai ga komai ba. A samu ɗan littafi a riƙa rubutawa, ko da ajami: ƙarfe nawa ya yi barci, me ya tayar masa da hankali, ƙarar injin niƙa ce ko taron biki.

Ki riƙa durƙusawa daidai fuskarsa, ki yi masa magana gajeriya. Ki ɗaga kofi ki ce "ruwa", ki ɗan dakata, ki ba shi dama ya miƙa hannu. Mai rashin natsuwa kuma a ba shi aike ɗaya, ya dawo sannan a ba shi na biyu. Baban yara, ka je da kanka wajen malam ka roƙe shi ya zaunar da yaron kusa da shi, ya rage masa tsawon karatu. Duka da ɗauri ba sa gyara komai, tsoro kawai suke ƙara masa. A yi addu'a, amma kada a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba.

Ku rufe rijiya, ku sa ido a kan kududdufi. Yara masu galahanga sukan fice ba sallama, kuma ruwa yana jan su.

Abu biyu ba sa jiran ranar da aka ba ku. Idan ya yi jijjiga ko farfaɗiya, ko kuma ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, ku koma asibiti a wannan makon ku faɗa musu.

Ranar tafiya a ɗauki katin riga-kafi, takardar turawa da littafin nan, a yi cajin waya tun dare. Kuma wadda take wuni da yaron, uwa ce ko kaka, ita za ta shiga wajen likita.