Ƙarin ruwa, ƙirgen numfashi da amanar takarda: lacca ga ma'aikatan jinya

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, da ku 'ya'yana ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan bincike da jinyar waɗanda ciwo ya yi wa tsanani, waɗanda muke cewa suna kwance rai a hannun Allah. Na san da yawanku da kun ji an ce bincike sai ku ce ai wannan na farfesoshi ne, mu namu allura da gyaran gado. To ku ba ni aron hankalinku.

Bari in fara da abin da kowa a nan ya sani, wato ƙarin ruwa. A wajenmu idan aka kawo yaro asibiti ba a rataya masa leda ba, uwa gani take ba a yi masa komai ba. Mu ma haka aka koya mana: yaro ya zo da zazzaɓi mai zafi, hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau, kin danna farcensa jini ya daɗe bai dawo ba, to a buɗe ruwa ya shiga da gudu. Ni da hannuna na yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kuma ina tsaye zan ga yaro ya buɗe ido, jiki ya ɗumama, in ce alhamdulillahi.

Sai wata likitar yara, Farfesa Kathryn Maitland, da abokan aikinta suka ce bari a auna wannan abu da kowa ya yarda da shi. Suka yi gwajin da ake kira FEAST a asibitoci 6 na Kenya da Yuganda da Tanzaniya, da yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu a ɗura musu ruwa da yawa cikin awa guda, wasu a bar su da ruwan da ke ɗiga a hankali, ga maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta ga duk mai buƙata. A watan Janairun 2011 aka tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba. Cikin awa 48, yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri kusan kashi 10.5 cikin 100 suka rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3. Wato a kowane yara 100, an ƙara rasa uku saboda abin da aka yi da niyyar ceto.

Ranar da na karanta wannan ban yi barci ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ma'aikatan da suka yi aikin su ma sun ga yaran suna farfaɗowa bayan ruwan, kamar yadda nake gani. Idonsu bai yi ƙarya ba, sai dai ido yana ganin yaro ɗaya ne na awa ɗaya. Ƙarin mutuwa uku cikin ɗari ba abu ne da nas guda za ta lura da shi a ɗakinta ba, ko da ta shekara talatin tana aiki. Sai an tara dubbai an ƙirga.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana ƙarin ruwa. Gwajin bai haɗa da masu amai da gudawa ba, bai haɗa da masu ƙuna ko zubar jini daga rauni ko tamowa mai tsanani ba. Mai kwalara da ruwan jikinsa ya ƙare, ruwan nan ne ransa, ku ba shi da gaggawa.

Yanzu tambayata: wa ya rubuta lambobin da aka tara har gaskiya ta fito? Masu tsayuwa a bakin gado ne, da agogo da biro, cikin dare da rana. Da sun cika takarda da ka, da har yau ba mu sani ba.

A nan zan faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wani dare, a wani asibiti da na taɓa aiki, na karɓi aiki na ɗauki takardar wani dattijo da aka yi wa tiyatar hanji kwana biyu da suka wuce. Layin numfashi tun safe 20, 20, 20, kamar an buga da hatimi. Na je na tsaya a kansa. Yana zaune ya dafa gwiwa, hancinsa na buɗewa yana rufewa, goshi ya yi gumi, ɗansa na yi masa fifita yana ce mini, "Sista, zafi ne kawai ke damun Baba." Na kama hannunsa kamar ina duba bugun jini, don kada ya gane ya canja numfashin, na ƙirga minti guda cur. 34. Ɗinkin ciki ne ya saki, ruɓa ta fara shiga jini. An koma da shi tiyata a daren, Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma tun azahar jikinsa ke kiran a zo, takarda na cewa lafiya lau.

Wannan dattijo ba a ɗakin kulawa ta musamman yake ba, kuma haka yawancinsu suke. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2025, wanda aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa cikin manya da ke kwance a asibiti, ɗaya cikin takwas yana cikin mawuyacin hali, kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke. Ɗaya cikin biyar ɗinsu ya rasu cikin mako guda. Saboda haka mai matsanancin ciwo yana gado na 14 a ɗakin maza, kuma ke ce na'urar da ke lura da shi.

Ko na'urar ma a yi hattara da ita. Ɗan abin nan da muke maƙala wa a yatsa don auna oksijin, masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna a 2020 cewa yakan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ɗin jini ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Marasa lafiyarmu duka baƙaƙe ne. Idan na'ura ta ce 94 amma mutum na haki, ku yarda da hakin, ku kira likita.

Akwai kuma abubuwan da bincike ya tabbatar, waɗanda ba sa cin kuɗi mai yawa. A Basalona ta Sifaniya, a 1999, an gwada ɗaga kan gadon wanda ke kan na'urar numfashi maimakon a bar shi kwance shamɓal. Ciwon huhu ya kama kashi 34 na waɗanda ke kwance, kashi 8 kacal na waɗanda aka ɗaga. Amma wanda na fi so in ba ɗalibai labari shi ne aikin da Dakta Peter Pronovost ya jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman 103 na jihar Mishigan, aka buga a 2006. Matsalar ita ce ƙwayoyin cuta da ke bin robar da ake sakawa a babbar jijiya su shiga jini. Matakan kowa ya san su: wanke hannu, rufe jiki da kayan tiyata, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kulohezidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire robar da zarar ta gama amfani. Sabon abin shi ne an ba nas iko ta dakatar da likita idan ya tsallake mataki. Cutar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Na san yadda muke, tarbiyyarmu ta girmama na gaba ce, kuma abu ne mai kyau. Amma "Ranka ya daɗe, ba a wanke hannu ba tukuna" ba rashin kunya ba ne, kuma ina roƙon likitocin da ke zaune a gaba su sauƙaƙa wa yaranmu faɗin ta.

Abu na ƙarshe shi ne yarda. Mutanenmu ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara kusan 200, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a. Duk wanda zai kawo takardar bincike ɗakinku, ku sani ke ce za ki zauna da uwar yaro ki yi mata bayani da Hausa. Ki faɗa mata mene ne ake gwadawa, ki faɗa mata tana da damar cewa a'a, kuma a'ar ba za ta rage wa ɗanta kulawa ba. In kin ga an danna mata yatsa a tawada ba ta fahimta ba, ki yi magana.

Ɗalibai, ga aikin da na ba ku. Daga gobe har wata guda, duk mara lafiyar da ke hannunku ku ƙirga numfashinsa minti guda cikakke, ku rubuta abin da kuka samu a ƙaramin littafi, kusa da abin da kuka tarar a takardarsa. Ku kawo mini littattafan ƙarshen wata mu zauna mu tara lambobin tare. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.