Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Faransa a Jamus Yayin Ziyararsa Garin Kehl

Mai girma Jakada da 'yan tawagarka, sannunku da hanya. A madadin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na wannan yanki, muna yi muku lale marhabin da sauka a Kehl, garin da kogin Rhine kaɗai ya raba shi da birnin Strasbourg na Faransa.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tuna maka da yarjejeniyar abota ta Élysée ba, wadda Shugaba de Gaulle na Faransa da Adenauer na Jamus suka sa wa hannu ranar 22 ga Janairun 1963, ko ta Aachen da Macron da Merkel suka ɗora a kanta a 2019. Mu nan da ido muke ganin amfaninsu. Tun 2017 taragon layin D yake tsallako kogi daga Strasbourg zuwa nan, kuma har yau Jamus ce kan gaba a cinikin Faransa da ƙasashen waje.

Sai dai tunda ka zo da kanka, bari mu nuna maka inda gizo ke saƙa. A ce kafinta daga Kehl ya samu aikin kwana biyu a Strasbourg. Kafin ya ɗauki guduma, sai ya sanar da hukumar ƙwadago ta Faransa ta shafinta na intanet mai suna SIPSI, ya naɗa wakili a Faransa, ya karɓo wa kowane ma'aikaci takardar A1 mai nuna cewa a Jamus ake biya masa inshora, sannan ya tanadi takardunsa da Faransanci. In aikin gini ne, ga katin BTP na shaidar ma'aikacin gini, ga inshorar shekara goma ta lahanin gini. Wanda bai sanar ba, tara tana iya kaiwa Yuro 4,000 a kan kowane ma'aikaci. An yi dokar don hana karya albashi, ba ma jayayya da hakan. Amma babban kamfani yana da ofishin da ke cika masa takardu, ƙaramin kafinta kuwa haƙura yake yi da aikin.

Jirgin ƙasa ma haka ne. Wutar layin Faransa a nan gabas kilobolt 25 ce, ta Jamus 15, na'urorin tsaro kuma daban, don haka sai jirgi mai tsari biyu, mai tsada, yake iya tsallakawa. Gadar jirgi ta Breisach da ta haɗa Colmar da Freiburg kuwa, tun da aka rusa ta a 1945 ba a sake gina ta ba.

Roƙonmu shi ne ka isar da batun takardun nan ga kwamitin haɗin gwiwar kan iyaka da yarjejeniyar Aachen ta kafa, a sassauta wa aikin da bai wuce 'yan kwanaki ba. Bayan an ɗan taɓa abinci, za mu raka ka bakin gada ka ga layin motocin da ke jiran binciken kan iyaka tun da Jamus ta faɗaɗa shi a Satumbar 2024.

Mun gode, Allah ya mai da ku gida lafiya.