Masu Gudu da Masu Tsallake: Wuni Guda a Filin Sukuwar Sandown

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da iskar nan da ke kaɗawa, yanzun nan na sauka daga jirgin ƙasa a tashar Esher, kudu maso yammacin Landan, tafiyar kamar rabin awa daga tashar Waterloo ta cikin Landan. Wannan koren filin da ke bayana shi ne Sandown Park, tun 1875 ake sukuwa a cikinsa. Daga tasha ba sai ka zagaya ba, ta tsakiyar filin ake ratsawa da ƙafa. Bari in sunkuyar da kyamara. Kun ga sawun kofato? Hannuna kaf ya shige ciki.

Abin da ya kawo ni musu ne. A wurin aikinmu akwai wasu Turawa biyu da kullum lokacin shan shayi sai sun kaure, ɗaya na sukuwar gudu zalla, ɗaya na sukuwar tsallake shinge, kowa na cewa ta ɗan uwansa wasan yara ce. Na ce to gani ya kori ji. Sandown kuwa iri biyun duk ana yi. Jiya Juma'a masu gudu zalla ne suka fito, yau Asabar ta ƙarshen Afrilu ake rufe kakar masu tsallake, saboda haka ɓangarorin biyu duk suna nan.

Kafin wani ya kira ni a waya: waɗancan masu allunan lantarki da jakar kuɗi a rataye, 'yan caca ne, kuma ni ko kwabo ban ba su ba. Doki na zo kallo. Wanda ya tashi yana riƙe wa kawunsa linzami ranar hawan sallah ba ya buƙatar caca kafin doki ya burge shi.

A taƙaice, ta gudu zalla harkar bazara ce, dawaki ƙanana 'yan shekara biyu, uku, huɗu, tazara gajeriya, ba a tsallake komai. Ta tsallake harkar sanyi ce da taɓo, dawaki manya, tazara mai nisa. A Derby, babbar tseren gudu zalla da ake yi a Epsom, ɗan doki yana ɗaukar nauyin kusan kilo 58, mahayi da sirdi duka. A Gold Cup ta Cheltenham, babbar tseren tsallake, kusan kilo 74 ne. Har jikin mahayan ya bambanta.

To ga wanda na fara tarewa. Dattijo ne, da madubin hangen nesa a wuya da takardar jerin dawaki da ya cika da jan biro. Bai yarda in nuna fuskarsa ba, sai dai hannunsa. Na tambaye shi wace tsere ce uwa a ƙasar nan, ko numfashi bai ja ba ya ce Gold Cup ta Cheltenham. Ranar Juma'a ake yinta, rana ta huɗu ta bikin Cheltenham a watan Maris, kilomita biyar da ɗoriya, shinge 22, sannan a ƙarshe ga hawan tudu yana jiran doki bayan ya gama gajiya. Hujjarsa ita ce can ba a yi wa kowa rangwamen nauyi saboda rauninsa, wanda ya ci shi ne gwani, magana ta ƙare. Daga nan ya shiga jero sunayen dawaki kamar mai kirari: Golden Miller da ya ci sau biyar a jere daga 1932 zuwa 1936, Best Mate sau uku daga 2002, sai Arkle. Da ya zo kan Arkle sai ya sassauta murya. Dokin Ailan ne, ya ci 1964, 1965 da 1966, kuma a wannan filin da muke tsaye, a 1965, ya ci babbar tseren ƙarshen Afrilu ɗauke da kusan kilo 79. Dattijon ya ce mahaifinsa ne ya ɗora shi a kafaɗa ya gan shi. Ƙasusuwan dokin har yau suna ajiye a gidan kiwon dawaki na ƙasar Ailan da ke Kildare, mutane na zuwa kallo.

Na ce Baba, Grand National fa? Ai ita ce wadda ko wanda bai san doki ba ya sani. Ya yi tsaki irin nasu na Turawa, ta hanci. Wai wannan sa'a ce kawai. Kuma fa yana da abin kamawa: dokin da ya fara cinta a 1839 sunansa Lottery, wato caca. Ita irin tseren nan ce da ake auna ƙwazon kowane doki, gwani a ƙara masa nauyi, mai rauni a rage masa, don a zo kai ɗaya. A 1967 dawaki suka cakuɗe a shinge na 23 saboda wani da ya yar da mahayinsa ya gitta musu, sai Foinavon, da ke can baya ba wanda ya damu da shi, ya samu kafa ya wuce ya ci. Yanzu sunansa shingen yake amsawa.

Ashe wata mata da ke kusa tana jinmu. 'Yar Liverpool ce, da jin harshenta ka sani, kuma Aintree inda ake National ɗin unguwarsu ce. Ta juyo ta ce in sa'a ce, yaya aka yi Red Rum ya ci sau uku? Gaskiyarta. Ya ci 1973, 1974 da 1977, shekaru biyun tsakiya kuma na biyu ya zo. Kusan kilomita bakwai, tsallake 30, cikin shingayen ga Becher's Brook da ƙasar bayansa ta fi ta gabansa zurfi, ga The Chair da ya haura mita ɗaya da rabi, ga Canal Turn da doki yana dira sai ya karya kwana hagu. Doki ya yi wannan sau biyar bai taɓa faɗuwa ba. A bakin teku a Southport mai horar da shi Ginger McCain yake sa shi gudu cikin ruwan gishiri saboda ciwon kofato. Da ya mutu a 1995, daidai layin ƙarshe na Aintree aka binne shi. Matar ta ƙara da cewa a National ɗin ne Rachael Blackmore ta zama mace ta farko da ta ci, a 2021, a kan Minella Times. Dattijo ya ce ai shekarar da ta biyo baya Gold Cup ta ci, wato dai ta san inda girma yake. Na bar su suna yi.

Nan sama kusa da rumfa na samu ɗan ɓangaren gudu zalla, da kwat da lakataye, shi jiya ya zo, yau abokai suka jawo shi. A wurinsa Derby ce tsere, sauran duk biye. Epsom ba ta da nisa da nan, kuma tun 1780 ake yinta. Mil ɗaya da rabi, minti biyu da rabi da 'yan daƙiƙu an gama. Abin da ya ce ya kama ni: 'yan shekara uku kaɗai ke shiga, saboda haka doki sau ɗaya tak yake da wannan dama a rayuwarsa. Filin kuma mugu ne, a hau tudu, a gangaro, a sha kwanar Tattenham, sannan miƙaƙƙen hanyar ƙarshe ta karkace gefe guda. Ya kawo Shergar da ya ci a 1981 da ratar tsawon doki goma, wanda 'yan bindiga suka sace a Ailan a 1983 ba a sake ganinsa ba. Ya kawo Lester Piggott da ya hau masu nasara sau tara.

Amma su ma a cikin gidansu akwai rigima. Na ce masa wane doki ne ya fi kowa, ya ce Frankel, na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya, wanda Henry Cecil ya horar: ya fita sau 14, ya ci sau 14. Abokinsa ya ce tsaya, Frankel bai shiga Derby ba, bai taɓa ƙetare Ingila ba, bai je Arc ta Faransa ba, wadda ake yi a Longchamp Lahadin farko ta Oktoba inda manya da ƙanana, maza da mata suke haɗuwa. Shi Sea The Stars ya zaɓa, wanda a 2009 kaɗai ya ci 2000 Guineas, ya ci Derby, ya zo nan Sandown ya ci Eclipse, ya rufe da Arc. Na Frankel ya ce je ka kalli yadda ya ci Queen Anne a Ascot a 2012, rata goma sha ɗaya, kamar sauran da jaki suka zo. Ascot ɗin ma sun ɗan taɓa, da huluna da keken dokin sarauta, amma na lura masu son doki na gaske ba su daɗe a kan wannan ba.

Yanzu ga abin da ni na gano, kuma babu wanda ya faɗa mini shi kai tsaye. Ku dubi wannan da ake zagayawa da shi a da'irar nuni, wannan ja mai farin goshi. Shekararsa tara, kuma dandaƙaƙƙe ne. Kusan duk mazan masu tsallake haka suke. Tunda ba zai yi barbara ba, ba shi da wata sana'a sai tsere, shi ya sa yake dawowa shekara bayan shekara har mutane su san halinsa kamar maƙwabci. Kauto Star ya ci Gold Cup a 2007, Denman da ke barga ɗaya da shi a wurin mai horarwa Paul Nicholls ya ƙwace a 2008, Kauto Star ya dawo ya karɓi abinsa a 2009, kuma yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya ci King George ta Kempton karo na biyar. Desert Orchid, wani kili da ke son gudu a gaba, haka aka yi ta binsa shekaru. Na gudu zalla kuwa, da ya nuna bajinta sai a janye shi, don kuɗin yana wajen barbara. Sea The Stars yana ɗan shekara uku ya yi ritaya. Frankel yana ɗan huɗu, kuma a 2024 kuɗin kai masa goɗiya ɗaya fam 350,000 ne. To wa zai bar irin wannan ya je ya karya ƙafa a shinge? Masu gudu jini suke bi, wane ɗan wane ne, har su kai ka ga ingarmu uku da aka shigo da su Ingila shekaru ɗari uku da suka wuce, Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. Masu tsallake kuwa doki guda suke so, da sunansa da taurin kansa. Mu da muka saba ingarma shi ne abin alfahari a ƙofar fada, sai ga shi nan dandaƙaƙƙe ake yi wa kuka.

Bari mu matsa, an kusa tashi. Can nesa, gefen layin dogon da na sauka, akwai shinge uku da ke kusa da juna, su ake kira Railway Fences. Dattijon ɗazu ya ce in zuba ido nan, doki in ya kuskure taku a na farko, sauran biyun ba za su yafe masa ba. Ga su nan. Ɗaya, biyu, uku. Kai! Kun ji ƙarar? Ƙafa ce ta shafi saman shingen, da itacen birch ake cusa shi tam. Wancan ya yar da mahayinsa, ga mahayin ya miƙe yana kakkaɓe wando, alhamdu lillahi. Dokin kuwa ko a jikinsa, ya bi 'yan uwansa likkafa na lilo, har ya tsallake na gaba shi kaɗai ba wanda ya sa shi. Yanzu sun shawo kwana, ga tudun ƙarshe. Ku ji ihu. Bulala ma a ƙirge take, tun 2023 sau bakwai ne iyaka a tsallake, sau shida a gudu zalla, wanda ya zarce a hukunta shi.

Lokacin da mahayin nan ya faɗi, matar Liverpool ta kama hannun mijinta, ba ta saki ba sai da ta ga dokin a tsaye. Abin da ta ke tsoro koren labule ne. In doki ya karye a fili, labule ake kewaye shi da shi, galibi kuma ba ya tashi. A National ta 2023 masu kare haƙƙin dabbobi sun kutsa fili har aka jinkirta tashi, kuma a tseren wani doki Hill Sixteen ya mutu a shingen farko. Daga 2024 aka rage yawan masu shiga daga 40 zuwa 34. Dattijo na ganin an lalata tseren, an mai da ita ba ta da haƙori. Matar ta ce ita dai a dawo da su gida da rai. A nan ina bayanta, ba na ko tantama. Mai kwat kuwa ya ce shi ya sa ya fi son nasu, ko da yake ya yarda can ma ƙafa tana karyewa.

In kun matsa sai na zaɓa, da kunya-kunya zan ce tsallake, kuma Gold Cup a kan National. Gudun Frankel na kalla a waya ya fi sau ashirin, tsigar jikina na tashi kowane karo, amma ban san shi ba, kafin in san shi ya tafi. Wannan jan mai farin goshi kuwa na huɗu ya zo, ga yarinyar da ke kula da shi tana zuba masa ruwa a wuya da bokiti, tururi na tashi, tana yi masa magana a kunne. In Allah ya kai mu Disamba ana wata babbar tsere a nan, Tingle Creek, zan duba takarda ko sunansa na cikin masu fita a ranar.

Yayyafi ya fara, batir saura kashi huɗu, kuma ban yi la'asar ba. Bari in nemi gefe in shimfiɗa rigar sanyi kafin jirgin ƙarfe biyar ya cika. Sai mun haɗu.