Kyautar da malam ba zai iya taɓawa ba

Jama'a masu sauraro, makon jiya wani daraktan firamare a Marwa, a arewacin Kamaru, ya nuna mini littafin lissafi da wata ƙungiya ta turo wa malamansa ta WhatsApp, wai kyauta. Sai da data ta jaka guda ta ƙone kafin ya sauka. Da ya buɗe, farashin kaya duk da yuro, yara suna ƙirga tuffa. A ƙasan shafi kuma ga haruffa biyu, ND, ma'ana ba a yarda ka sauya ko ka fassara ka raba ba. An ba ka riga, an ce kada tela ya taɓa ta!

A Nuwamban 2019 ƙasashen UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da shawara kan kayan karatun da ake sakar wa kowa kyauta, kuma sharaɗin a fili yake: a same su ba biya, a gyara, a sake rabawa. A gyara, na ce.

Don haka tambayata guda ce: malam zai iya gyara shi? Zai iya cire tuffa ya sa buhun masakwa, ya mayar da yuro sefa? Yaron da ya tashi da Fulatanci ko Hausa a gida, ya tarar da Faransanci a aji, malaminsa zai iya juya masa darasin? In an buga shi baƙi da fari a shagon fotokwafi, zane zai fito? Zai buɗe a ƙaramar waya ranar da babu intanet?

Wasu za su ce in an bar kowa ya sa hannu, inganci zai lalace. Haba! Ina ingancin littafin da ɗalibi bai gane ba? Lasisin CC BY na ƙungiyar Creative Commons, wato izinin da marubuci ke ba kowa ya gyara aikinsa ya raba, ya tanadi a ambaci mai asali, a kuma faɗi cewa an yi sauyi. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu a kan haka yake tafiya, har da labarai cikin Hausa.

Ba kowane malami ne gwanin fassara ba, wannan na yarda. To ai muna da makarantar horar da malamai a Jami'ar Marwa, su duba aikin. Amma sai an buɗe ƙofa tukuna.

Shi dai darakta ya goge littafin daga wayarsa, domin ya cinye masa wuri. Malamansa sun koma ga alli da allo.