Hunturu da tsaunuka: laccar hasashen yanayi da aka gabatar a Marwa, arewacin Kamaru

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, ɗalibai, barkanku da sanyi. Masu riga biyu da hular sanyi a baya can, ku matso gaba, yau maganarku za a yi. (dariya)

Abubuwa uku zan taɓo. Na farko, dutse yana da nasa yanayin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa mutumin Mokolo ko Rumsiki, da ke kan tsauni, yake hura wuta da asuba, na Marwa kuwa bargo ɗaya ya ishe shi. Awon da aka yi a filin jirgin Salak, nan Marwa, na ƙasa ne, wanda ke kan tsaunin Mandara sai ya rage.

Na biyu, hazo. Jama'a, a nan ku ba ni lokaci, don ina son wannan magana ƙwarai. Ƙurar da ke rufe mana rana, mafi yawanta daga wuri ɗaya take tasowa, kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da Faya. Can da, tsohon tafkin Chadi ya kai har wurin. Ruwa ya ja, ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. To, ga tsaunin Tibesti a gefe ɗaya, ga Enedi a ɗaya gefen. Iskar arewa maso gabas in ta zo sai ta matse tsakaninsu, kamar ruwa a kwata, ta fito da ƙarfi, ta kwashe farar ƙasar nan. Ta matse, na ce, ta fito da ƙarfi! Har dajin Amazon na Kudancin Amurka ƙurar nan take kaiwa. Ikon Allah.

Abin da nake so ku riƙe, tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta, kuma sai ta yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso mu. Ma'aikatan ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, suna bin ta saboda jiragen Garwa da Njamena. Wannan labari ya kamata ya kai ga direban da zai kama hanyar Kuseri, da uwar yaro mai asma, da ma'aikatan lafiya, tunda sanƙarau da busasshen lokacin nan yake tafiya. A faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci, kwana biyu ba kaɗan ba ne.

Na uku, na so in shiga batun masakwa, wato dawar rani, amma na ga hannu. Na'am, Alhaji?

Tambaya: Malam, dusar ƙanƙarar da muke gani a talabijin, za ta iya sauka a tsaunukanmu?

Allah ya ƙara girma, ba za ta sauka ba. Dusa tana son sanyi da danshi a lokaci guda, hunturunmu kuwa busasshe ne, kuma Dutsen Upay na tsaunukan Mandara bai kai mita 1,500 ba. A Maroko, iska mai danshi daga tekun Atlantika tana hawa tsaunukan Atlas, ta yi sanyi, ta zubar da dusa har hanyoyi su toshe. Masu hasashensu tsayin da dusar za ta fara suke sanarwa. A garin Ifran aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935. A arewa da mu akwai ƙololuwar Tibesti, inda Emi Kusi ya haura mita 3,400, can ma jefi-jefi take sauka. Wata tambayar? Hajiya, bismillah.